Abin da Masinja Ke Bari a Kan Bene

In ka shigo layinmu ka tambayi gidan Baba Masinja, ko akuya za ta nuna maka. Gidan kamfani ne, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, sai bishiyar gwaiba da ta leƙo ta kan katanga kamar mai son jin gulma. Matarsa, wadda duk layin ke kira Iya, ita ta dasa ta shekarar da suka shigo gidan, lokacin ba ta kai tsawon muciya ba. Yau gwaibar ta fi rufin tsawo, mu maƙwabta kuma mun sha 'ya'yanta fiye da masu ita, Allah dai ya yafe mana.

Shi kuwa mai gidan, Ba-Sauri muke ce masa a bayan idonsa, har a gabansa ma in mun ga ya ci ya ƙoshi. Siriri ne, mai ɗan doro, tafiyarsa kamar wanda ya ɗauko ƙwai a ka. Shekara ashirin da shida yana aikin masinja a wani kamfanin manyan motocin ɗaukar kaya, ba a taɓa ganin gudunsa ba. Mukan tsokane shi mu ce, "Baba, wai da gaske an aike ka kiran unguwarzoma, ka dawo ka tarar jaririn ya fara rarrafe?" Sai ya gyara igiyar tsohuwar jakarsa ta fata ya ce, "Ku yi ta dariya. Saƙon da ya yi sauri shi ake bi da ban haƙuri."

Ashe duk sirrin aikinsa a maganar nan yake.

A kamfanin, ofishin Manaja yana sama, gareji yana ƙasa, tsakaninsu matakala arba'in da biyu. Manaja ɗan mai kamfanin ne, shekara goma sha biyu ke nan da ya gaji kujerar mahaifinsa. Zuciyarsa kamar ashana take, ƙyas ɗaya ta kama, amma in aka ba shi minti arba'in da kofin shayi sai ka rantse ba shi ba ne. A ƙasa kuma akwai babban makanike, Guduma, tsoho mai faɗin ƙirji wanda ƙarar inji ta kashe wa kunnen hagu. Shi ba ya saurin fushi, amma in ya yi, ya yi ke nan. Makanikai goma sha ɗaya na garejin duk shi ya koya musu riƙon sifana, kuma ranar da ya ɗauki akwatin kayansa ya fita, za su bi shi kamar 'yan tsaki. Manaja ba ya sauka gareji. Guduma ba ya hawa bene. Duk abin da ɗaya zai gaya wa ɗaya, ta bakin Masinja yake bi.

To a matakala ta ashirin da ɗaya, inda benen ya karya kwana, akwai wata 'yar taga. Nan Masinja ke tsayawa. Ya cire hula, ya share gumi, ya tsince saƙon da aka ba shi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. In Manaja ya ce, "Je ka gaya wa jakin can in motar ba ta fita yau ba zai gane kurensa," abin da zai isa gareji shi ne, "Manaja na gaisuwa, yana tambaya ko kana bukatar ƙarin hannu a kan motar nan." In Guduma ya ce, "Ka gaya wa yaron can da gajeren wando na san shi," abin da zai isa sama shi ne, "Ya ce ka kwantar da hankalinka, kafin la'asar za ta fita." Haka aka yi ta zaman lafiya, kowa yana ganin shi ne mai haƙuri.

Sai waya ta zo ta raba gardama. Aka buɗe guruf na ma'aikata a waya, aka zuba mutum sittin a ciki, daga Manaja har mai gadi. Takarda ta koma hoto, aike ya koma saƙon murya. Abin da a da sai Masinja ya sauka ya hau, yanzu Manaja na danna ɗan yatsa, yana kishingiɗe, magana ta isa. Wata shida ba a kira "Masinja!" daga sama ba sai in shayi ya huce. Da yake kuma a jikin bencinsa, a gindin bene, soket mai kyau yake, sai kowa ya riƙa kawo masa waya. Mutumin da ya ɗauki sirrin kamfani a ka shekara da shekaru ya zama mai gadin caji.

Ran wata Litinin Sakatariya ta ja shi gefe, ta rage murya.

"Baba, ban gaya maka ba fa. Na buga takardarka. Juma'a zai sa hannu."

"Wace takarda, 'yata?"

"Wai kujerar masinja ba ta da sauran amfani. Gidan kuma wata ɗaya za a ba ku."

Ya yi mata godiya kamar ta ba shi kyauta. Da ya koma gida ya gaya wa Iya, da yamma sai muka ga ta fito tana tambayar mai shago ko yana da kwalayen da ba ya so. Masinja ya yanke shawara ɗaya: zai lafe kamar ƙadangare a bango, kada ya yi ko tari mai ƙarfi, ran Juma'a da safe ya hau sama ya roƙi arziki, ko a mai da shi mai shara, a dai bar musu gidan.

Ana haka Laraba ta zo da nata.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya ji ƙarar buga teburi daga sama. Mota mai lamba tara ta sake mutuwa a hanya da kayan mutane, karo na biyu a mako ɗaya, mai kayan kuma ya kira Manaja ya wanke shi tas. Masinja ya ɗaga kai yana jiran a ƙwala masa kira, kamar da. Shiru. Sai wayoyi bakwai da ke kan bencinsa suka yi gurnani lokaci guda.

Ya ciro tasa, tsohuwar da 'yarsa ta bar masa, ya danna inda aka koya masa, ya kara a kunne. Muryar Manaja ce, har tana rawa. Ya ce Guduma ya tsufa, hannunsa na karkarwa, idonsa ba ya bambance ƙusa da tsakuwa. Ya ce ya tattara gudumominsa ya tafi gida ya yi renon jikoki. A ƙarshe ya ce, "Mahaifina don tausayi ya riƙe ka, ba don ka iya ba. Ni kuwa tausayina ya ƙare."

Masinja ya sauke wayar daga kunne. Zagin duk mai sauƙi ne, amma wannan ta ƙarshen, in ta shiga lafiyayyen kunnen Guduma, ko malamai bakwai ba za su ciro ta ba.

Ya dubi benci. Ga wayar Guduma nan, wadda aka ɗaure bayanta da baƙin tef, tana shan caji, ba a taɓa ta ba. Zuciya ɗaya ta ce masa, ina ruwanka, kai da ake jiran Juma'arka? Ɗayar kuwa ba ta ma tsaya gardama ba, hannu ta miƙa. Ya zare wayar, ya jefa ta can ƙasan jakar fata, ya ja zif. Sai ya ji sanyi a ransa. Ai shi ke nan, saƙo yana hannun ɗan aike. Minti arba'in, kofin shayi, a hau a lallaɓa. Abin da ya saba ne.

Ya fito tsakar kamfani da tafiyarsa ta ƙwai a ka. Bai kai ga famfo ba ya ji muryar Manaja daga ɗakin mai gadi: "...hannunka na karkarwa..." Ya waiwaya. Daga rumfar mai sayar da abinci kuma: "...ka tattara gudumominka..." Daga cikin kan wata mota da aka ajiye, direbobi uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya: "...don tausayi ya riƙe ka..."

Ya tsaya cak. Shi a saninsa saƙo ɗaya ne, hannu ɗaya, kunne ɗaya. Ashe wannan abin ya haihu sittin tun kafin ya ja zif. Ya ɓoye wa kura ƙashi ɗaya a mahauta.

A gareji, makanikai sun yi cirko-cirko, kowa da waya a hannu, ba mai kallon wani. Guduma yana cikin ramin gyara a ƙarƙashin wata mota, injin yankan ƙarfe na kuka kusa da shi, bai san duniyar da ake ciki ba.

"Kai! Sifana lamba goma sha tara!" ya daka tsawa daga ƙasa. "Ko duk kun mutu ne?"

Mutum huɗu suka ruga neman sifana ɗaya.

Wani dogon direba da ake kira Rediyo, wanda in bai kai gulma ba abinci ba ya narke masa, ya nufo ramin yana murmushi, wayarsa a tafin hannu. Masinja ya sha gabansa.

"Ina zuwa, ɗana?"

"Haba Baba, ai haƙƙinsa ne ya ji. Mutum ana yankansa a kasuwa shi bai sani ba?"

"Motar da kake tuƙawa, wa ke gyara mata birki?"

Rediyo ya dubi ramin.

"To in ya fita yau, gobe kai za ka gangara tudu da birkin da ba hannunsa a ciki. Ka ba ni hawa ɗaya da sauka ɗaya. In na sauko ban zo da komai ba, ka sa masa a lasifika."

"Hawanka ɗaya ai yini ne, Baba."

"Yau za ka ga abin mamaki."

Bai rufe baki ba sai ga kan Guduma ya ɓullo daga rami, baƙin mai har gira.

"Masinja! Ina wayata? Zan kira mai kayan gyara."

"Ba ta cika ba tukuna."

"Tun bakwai na safe? Ko tankin mota ce ai ta cika. Kawo ta haka nan." Ya dubi makanikansa ɗaya bayan ɗaya. "Ku kuma lafiya kuke kallona kamar an aiko da rasuwata?"

Masinja ya ce, "Yanzu zan kawo," ya juya.

Waɗanda suka gani da idonsu sun rantse cewa ya yi gudu. Ba-Sauri, da doronsa da jakarsa, yana haɗa matakala biyu-biyu. A 'yar tagar nan ya saba tsayawa, amma yau ya wuce ta kamar bai san ta ba, domin abin da zai kai sama ba shi da tsakuwar tsincewa.

Sakatariya ta miƙe tsaye. "Baba, kada ka shiga! Bai sha shayi ba!"

Ya riga ya tura ƙofa.

Manaja yana tsaye bakin taga, jijiyar wuyansa a miƙe. A kan teburi, kusa da kofin da ba a taɓa ba, ga wata ambulan mai ruwan ƙasa. Masinja ba wani karatu gare shi ba, amma ya san siffar sunansa, kuma ya kai wa mutane irin wannan ambulan sau da yawa, ya san nauyinta.

"Wa ya kira ka?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Na zo roƙo ne. Sakatariya ta taɓa ce mini abin nan ana iya goge shi, ya ɓace wa kowa. Ka goge saƙon nan. Bai ji ba tukuna."

"Yaya aka yi ka san bai ji ba?"

Kafin ya samo amsa, zakara ya yi cara a cikin ofishin.

Duk kamfanin ba wanda bai san carar nan ba. Ita ce ƙarar wayar Guduma, ya ƙure ta saboda kunnensa. Ga ta nan tana fitowa daga jakar fata, a ƙarƙashin hammatar Masinja. Ashe can ƙasa tsohon ya gaji da jira, ya sa an kira layinsa. Zakara ya yi cara sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Masinja ya matse jakar kamar zai shaƙe shi, ina, sai ma ƙara buɗe maƙogwaro da ya yi.

"Wayar ma'aikaci a jakarka," Manaja ya ce a hankali. "Ka san sunan wannan? Ba sai Juma'a ba ma. Yanzu zan iya kiran mai gadi, kuma ba wata ɗaya ba, ko kwana ɗaya ba za ka ƙara a gidan can ba."

Gwaibar Iya ta gilma masa a ido, da kwalayen da ta jera a bayan ƙofa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ka kira shi, ranka ya daɗe, amma ka bari in gama. Ba yau na fara ɓoye maka saƙo ba. Tunda ka hau kujerar nan, ban taɓa kai maganarka ƙasa yadda ka ba ni ba. Ranar da ka ce masa jaki, ce masa na yi kana tambaya ko yana son ƙarin hannu. Ranar da ka ce ya biya gilashin da ya fashe ko ya bar aiki, ce masa na yi kana jajanta masa yankan da ya samu a hannu."

"Shi ya sa ya aiko mini da godiya?"

"Godiyar ma tawa ce. Abin da ya faɗa ba zai maimaitu a ofis ba."

Manaja ya zauna a hankali. "Wato shekara goma sha biyu kana yi mini ƙarya."

"Ashirin da shida, ranka ya daɗe. Sha huɗun farko na mahaifinka ne, Allah ya jiƙansa. Shi ma bakinsa ba baya ba ne. Amma har ya koma ga Allah bai taɓa cewa don tausayi ya riƙe mutumin nan ba. Wannan ko ni ba zan iya gyara ta ba. Magana zarar bunu ce."

Daga ƙasa aka ji takun manyan takalma a kan bene. Mai nauyi, ba gaggawa, ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha biyu benen nan bai ji wannan takun ba. Sakatariya ta leƙo, idonta waje. "Yallaɓai, Guduma ne."

Manaja ya dubi wayarsa. Ya dubi ƙofa. Takun ya tsaya a wajen 'yar taga, mai shi yana mai da numfashi, sannan ya ci gaba. Masinja yana ƙirgawa a zuci: talatin, talatin da biyar. A ta talatin da takwas ɗan yatsan Manaja ya motsa.

Guduma ya shigo ba sallama, ya bar sawun baƙin mai a kan darduma. Ya miƙa wa Masinja hannu. Masinja ya buɗe jaka ya ba shi wayarsa. Tsohon ya goge yatsa a riga, ya danna, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"An ce ka aiko, ga shi kuma an goge," ya ce wa Manaja. "Gareji kaf ana kallona kamar gawa. Me ka ce?"

Manaja ya nuna Masinja da haɓa, ba tare da ya dube shi ba.

"Faɗa masa."

Babu taga, babu cire hula, ga mai saƙo ga mai karɓa, ga kuma mutum sittin a ƙasa da suka san gaskiya. Masinja ya fuskanci Guduma.

"Ya ce mota ta tara ta sa an ci masa mutunci da safen nan, ransa ya ɓaci ƙwarai. A cikin ɓacin ran ya faɗi abin da shi da kansa ya ga bai kamata ya zauna ba, ya janye shi da hannunsa."

"Shi ke nan?"

"Sauran na bar shi a kan bene."

Guduma ya zuba masa ido. Sai tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Benen nan ai ya kusa rushewa don kayan da kake jibge masa. Kana tsammani ban sani ba? Kunne ɗaya ne ya mutu, ba biyu ba. Muryar yaron nan ta fi injina ƙara, tun yana ƙarami." Ya juya ga Manaja. "Mota ta tara, famfon man da aka sayo mai araha ne, na faɗa tun ranar. A ba ni na gaske, kafin la'asar ta dawo hanya. Sannan a cire ni daga abin nan naku. Ni ba na karɓar magana daga aljihu. Mai son magana da ni ya aiko wannan tsohon, ko ya sauko da ƙafarsa."

A bakin ƙofa ya waiwayo. "Wanda kuma ya ajiye saƙon nan a wayarsa ya kunna shi kusa da ni, da shi da wayar zan sa a ƙarƙashin taya."

Takun ya sauka. Manaja ya jawo kofin shayin da ya huce, ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Ya ɗauki ambulan ɗin, ya juya ta gaba da baya, ya ja aljihun teburi ya jefa ta ciki.

"Ban yaga ba fa," ya ce.

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Je ka gaya masa a sayo famfon. Kuma ka gaya masa ya ɓata mini darduma da ƙazaman takalmansa."

"To, ranka ya daɗe."

A wajen 'yar taga Masinja ya tsaya ya cire hula. Ya share gumi, ya bar maganar darduma a nan, ya sauka da famfo kaɗai.

Da yamma ya tarar Iya ta cika kwali biyu da kwanoni. Ya ce ta mai da su inda suke.

"An fasa?" ta tambaya.

"An ajiye dai."

"To kwalayen fa, in mayar wa mai shago?"

Ya yi ɗan tunani. "Ninke su ki sa a ƙarƙashin gado."

Ta ninke, ta tura, sannan ta ɗebi ruwa a bokiti ta nufi gindin gwaiba. Labari kuwa ya riga shi isowa layi, don Rediyo ba ya kwana da kaya. Tun daga ranar, in Baba Masinja ya fito da safe da jakarsa a hammata, ba a rasa wani mara kunya a bayan katanga da zai yi masa carar zakara. Ba ya ko waiwaye. Sai dai ya ƙara matse jakar, ya ci gaba da tafiyarsa a hankali, ambulan tana can a aljihun teburi, matakala arba'in da biyu suna jiransa.